Kalmar da ba a faɗa a ƙasan rijiya

Da, idan gari yana son ruwa, maigari ne zai aiko da goro, mu ɗauki igiya da dagi mu tafi, mu yi wata biyu ko uku muna cin tuwon garin kafin a ga laima a bakin ƙarfe. Ranar da ruwa ya fito a yanka akuya, mata su yi guɗa. Yanzu samari huɗu ne za su zo fadama da safe a kan moto, wato babur, da tiyo da wani ƙarfe mai murɗawa, kafin la'asar sun huda ƙasa sun sa inji, ruwa yana gudu a fangalin albasa. Ba na raina aikinsu. Su ne suke raina namu. Kwanan baya a tashar Tamaske wani a cikinsu, yana danna salula bai ko dube ni ba, ya ce: "Baba, ginar rijiya ai rami na. Ko gahiya ta iya rami." Abokansa suka yi dariya. Ni ma na yi, don tasha ba wurin gardama ba ce.

Tiyonsu a fadama yake aiki, inda ruwa yake a zurfin gaba uku ko huɗu. Ku hau dutsen Adar, tsakanin Keita da Buza, inda ruwa yake gaba ashirin ko talatin a ƙarƙashin fa. Can har gobe sai mutum ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka. Na yi wannan sana'a a nan, na yi ta a Azawak wajen Buzaye, na yi a ƙasar Zabarmawa, na yi a Sakkwato, na yi a arewacin Kodebuwa inda ƙasa take ja kamar barkono, na kuma yi ramin zinariya a duwatsun Abzin. Na kwashi Buzanci da Zabarmanci da Julanci da ɗan Faransancin wurin aiki. Ko'ina na je abu ɗaya na tarar: mai ginar rijiyar da ya tsufa, mai zargi ne. Masu yarda da mutane ba su tsufa a cikinta ba.

Aikina na fari a wani ƙauye ne kusa da Azarori, a hannun Agali, wanda ya koya mana sana'ar ni da ƙanena Nomau. Kakannin Agali rijiyoyin makiyaya suka gina tun zamanin da ba a biyansu, shi kuma ya gaji hannun, ya gaji rashin yarda. Shekara biyu bai bar ni na sauka ba. Zubar da ƙasa nake, da murza igiya. Kowace safiya sai ya sa in bi igiyar kaba da yatsa tun daga kai har wutsiya, kamu bayan kamu, in kuma sunsuna ta. Igiyar da ta kwana da danshi tana da wari kafin ta nuna a ido. Wata rana na gaji na ce masa jiya ma na duba ta. Ya ce: "Jiya wa yas sauka? Shi ya hito. Yau wani za ya sauka." Wannan ce ta sa har yanzu ba na son igiyar roba. Ta kaba tana kuka kafin ta tsinke, zare ɗaya ya fashe, ka ji, ka gani. Ta roba tana nan sumul kamar sabuwa har ranar da rana ta gama cinye ta daga ciki.

Kayan aikin ba su da yawa. Dagi, wato sandar ƙarfe mai faɗin baki wadda ta kai tsawon mutum, da ita ake sara marmara da fa. Guntun felu mai gajeren ƙota, don ba wurin juya doguwa. Kwando na fitar da ƙasa. Fitila, wadda ake fara saukarwa kowace safiya: idan ta mutu a hanya, iskar ƙasan ba ta numfashi ba ce, mutanen gari su ce aljanu, mu dai mu yi ta saukar da ganye muna jan shi har iska ta sauya. Madubi, na harba hasken rana zuwa ƙasa. Sai igiya biyu a kan puli, wato gargaren da igiya take gudu a kai: ta kaya, da ta rai wadda take ƙugun mai sauka.

Masu jan igiya mutanen gari ne, biyar ko shida, suna tsaye can nesa da bakin rijiya a jere. Ba sa jin abin da ake faɗa a ƙasa. Mutum ɗaya ne yake zaune a bakin, muna ce masa mai igiya. Shi yake ɗaure kaya, shi yake sauraro, shi yake ɗaga hannu masu ja su ja ko su tsaya. Samari suna zaton na ƙasa ne gwani. Na ƙasa ƙarfi ne da haƙuri. Ran na ƙasa a kunnen mai igiya yake.

Rijiya mai zurfi tana cin magana. Ka faɗi kalma a gaba ashirin, kanta ne kawai zai iso sama, wutsiyar ta narke a amsa-kuwwa. Saboda haka Agali ya ba mu kalma uku kacal: "hau" idan kana son a fitar da kai, "sako" idan kana son a saukar, "riƙe" idan a tsaya. In hannunka yana sake, ka ja igiyar rai: sau ɗaya riƙe, sau biyu sako, sau uku hau. Ya kuma hana mu kalma biyu. Ba a cewa "ɗaga" a ƙasan rijiya, ba a kuma kiran dagi da sunansa, sai dai a ce "ƙarfe". Dalili, daga ƙasa su biyun sauti ɗaya suke isowa. Ya taɓa marin Nomau a kan wannan, mari ɗaya, a gaban mata masu ɗiban ruwa. A Azawak na tarar ba sa magana ma sam, fito suke yi. Zabarmawa duwatsu suke bugawa. Kowa da dabararsa, amma tsoron ɗaya ne.

Masu rijiya kuwa, ban taɓa yarda da maganar ko ɗaya ba. A wani gari wajen Bangi an kira ni yasar rijiya, mai ita ya rantse mini mahaifinsa ne ya gina, ba ta kai shekara talatin ba. Na leƙa da madubi na ga sawun igiya ya ci dutsen bakin har yatsa uku suna shigewa. Wannan cin ba na shekara talatin ba ne, ko na ɗari ba ne. Na ce masa: "Mahaihinka da igiyar ƙarhe shika ɗiba?" Ya yi dariya ya ce to ƙila kakansa ne. Sun san tsohuwar rijiya ta fi wuyar shiga, shi ya sa suke rage mata shekaru kamar mai sayar da tsohuwar saniya. Wani zai ɓoye maka cewa ta taɓa ruftawa. Wani zai ɓoye maka cewa jaki ya mutu a ciki. Ka saurari mai rijiya don ladabi, sannan ka tambayi tsofaffin mata, su ne suka san ta.

Na yi shekara tara a waje kafin in dawo gida gaba ɗaya. Uku na ƙarshe a ramin zinariya na yi su, tare da mutanen Damagaram da na Kano. Ramukan can ba su da tsarin kowa. Hayaniya ce da inji da ihu, kowa yana cewa "ɗaga, ɗaga" tun safe har yamma. Da fari kunnena yana ƙin kalmar. Daga baya na daina jin ta. Ban san ta zauna mini a harshe ba.

Na dawo na tarar mahaifinmu ya rasu, Agali ma ya rasu, Nomau yana noman garka, wato lambun da tsoho ya bari a bakin ƙorama. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Na ce a raba. Bai ƙi ba, amma yana son ɓangaren da rijiyar garkar take, don shi ya yashe ta shekara tara ina yawo. Ni kuma na ce ni na gina ta da hannuna kafin in tafi. Aka je gaban liman sau biyu ba a gama ba. Muka koma gaisuwa kawai, ita ma a taƙaice.

Sai shekarar ta zo. Ruwa ya ɗauke gero yana ciki, abin da ya tsira fara ta sauka a kai. Kafin sanyi ya wuce rumbuna sun zama wurin kwanan kaji. Maza suka watse, wasu Libiya, wasu Abijan. Mai igiyata na lokacin, wani Idi, ya shiga mota ya bar mini sallahu a bakin matarsa. A daidai nan maigarin wani ƙauye a kan dutse, yamma da Buza, ya aiko. Rijiyarsu ɗaya ce, gaba ashirin da huɗu, ta koma laka, mata suna kwana biyu kafin su cika tulu. Ladan aikin hatsi ne, da abincin rana. A shekarar nan ba wanda zai ce a'a ga hatsi.

A duk yankin, mutum ɗaya ya rage wanda ya san aikin mai igiya. Matata Hajo ta ce: "Malam, wanda kuka shari'a da shi za ka ba igiyarka? In ka mutu wa za ya ci garka?" Na ce mata Nomau ɗan Agali ne a sana'a kamar ni. Ta ce: "Agali ya mutu. Garka tana nan." Na je na sami Nomau. Ya dube ni a baki har na gama magana, ya ce to. Gidansa yara tara ne, ba su da abin da ya kai mako.

Ranar fari da muka kafa gwafa a bakin rijiyar, ya ce: "Yaya, mu yi da jan igiya. Iska ta yi yawa bisa dutsen ga, magana ba ta isowa." Na ɗaga kai, ko ganye ba ya motsi. Na ajiye wannan a raina. Na duba ƙullinsa da kaina kafin in sauka, na kuma duba washegari. Kwana goma sha ɗaya muna fitar da laka da guntayen tulu da tsofaffin guga, hannunsa kullum a kan igiyar rai, ina ja yana amsawa. Ban sami abin zargi ba, wannan ma ya dame ni.

Rana ta goma sha biyu, da hantsi, na aika dagi sama don lakar tana da taushi, dama tun kafin in sauka na ce masa idan na kai tauri zan nema. Rijiyar irin ta da ce, an jera mata duwatsu ba siminti. Ina kwasar laka a gindin jerin sai na ji sanyi a idon sawu. Rairayi ne yake ɓulɓulowa daga bayan duwatsun. Kafin in juya ya kama ni har gwiwa, dutsen da ke daidai ƙirjina kuma ya turo ciki. Na saki felu na tokare shi da hannu biyu. Idan ya fito, na samansa za su biyo. Ba hannun jan igiya. Na ɗaga kai na yi ihu, abin da ya fito daga bakina shi ne: "Ɗaga!"

Ina faɗa na san abin da na faɗa. Nan take na gyara: "Hau! Hau!" Igiyar ƙuguna ba ta motsa ba. Can sama, a ɗan farin da ya rage kamar faifai, na ga kan Nomau ya janye. Jim kaɗan wani abu siriri ya shigo farin ya fara saukowa yana juyi. Na yi ta kiran "hau" har muryata ta dushe. Na kira sunansa. Na kira sunan uwarmu. Dagin yana ta zuwa, a hankali, kamu bayan kamu, kamar yadda gwani yake saukar da kaya.

Ya rage kamar gaba uku ya iso sai ya zame daga ƙullin. Bakinsa ya bugi bango ya juya, jikin ƙarfen ya sauka mini a kafaɗar dama. Da bakin ne ya same ni, da wani ne yake ba ku labarin nan. Igiyar kaya ta yi sakayau a hannun Nomau, wannan ne ya sa ya leƙo da madubi. Haske ya faɗo mini a fuska, sai na ji ƙuguna zai rabu biyu. Suka fizge ni daga rairayin, na bar takalmi ɗaya a ciki. Ina gaba biyar sama na ji jerin ya zube a ƙarƙashina.

Da aka shimfiɗa ni a inuwa, maigari ya tambayi Nomau a gaban jama'a: "Mi yac ce maka?" Nomau ya ce: "Dagi yac ce." Maigari ya juyo gare ni. Na ce ɗaga na ce, laifina ne wannan, amma na ce hau ya fi sau goma. Nomau ya dubi ƙasa ya ce: "Ban ji ba." Wani tsoho a cikin masu ja ya ɗauko igiyar kayan ya nuna ƙarshenta. Dagi ƙulli biyu ake masa, ɗaya a wuya ɗaya a gindi. Wannan ko yaron da ya yi wata ɗaya a sana'a ya sani. Ƙulli ɗaya ne a igiyar.

Kafin a kai ni wurin maɗori labarin garka ya riga mu isa gida. Ba wanda ya ce Nomau ya so kashe ni, ba kuma wanda bai ce ba. A masallaci gefensa ya riƙa yin fili. Matarsa ta daina zuwa daka gidanmu. Hajo ba ta ce "na faɗa maka" ba, ta dai riƙa ajiye mini fura da ƙarfi. Liman ya zo dubiya ya ce mini zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Na ce masa na ji, amma shi bai taɓa kallon ƙarfe yana sauko masa ba.

Wata biyu ina zaune hannu a rataye, ba ni da aiki sai lissafin abin a kai. Idan kisa ya nufa, me ya hana shi sakin dagin tun daga sama? Sai in ce, mai wayo ba zai yi haka ba, zai yi ƙulli ɗaya ya bar ƙarfe ya yi aikinsa. Idan kuskure ne, ɗan Agali ya san na ƙasa ba ya kiran dagi da suna, me ya sa ya yarda na kira? Sai in tuna ɗan Agali ne ma ya ce ɗaga. Na fara binsa da ido ina neman alamar mai laifi, don na ga masu laifi a ƙasashe da yawa, na san yadda suke tafiya.

Abin da na gani daban ne. A sallar la'asar ina sahu na biyu a bayansa, liman ya yi kabbara, sahu duka ya sunkuya, Nomau ya biyo baya da ɗan jinkiri. Aka ɗago, ya sake jinkiri. Kansa a ɗan karkace yake, yana satar kallon na kusa da shi. Na duba a magariba, haka. Na duba kwana bakwai, haka. Na lura kuma in ana hira bakin mutum yake kallo, yana kuma yawan amsawa da "to, to" a inda ba a tambaye shi to ba.

Ban yarda nan take ba. Mai wayo yana iya kurumta kansa idan ya ga ana kallonsa. Ranar kasuwa na bi shi ta baya bai sani ba, yana tsaye wajen masu barkono. Na matsa daf da kunnensa na hagu, na ce da murya sosai: "Nomau, na bar maka garka duka, da rijiyar." Mai barkonon ya ɗago kai da sauri. Nomau bai motsa ba, yana ta juya barkono a tafin hannu. Na sake gwada shi bayan mako ɗaya a hanyar gona, wannan karon zagi na yi masa, irin wanda ba ɗan Adar da zai ji ya ci gaba da tafiya. Ya ci gaba da tafiya.

Na same shi a garka da safe yana ban ruwan ɗan abin da ya shuka. Na tsaya a gabansa inda zai ga bakina.

"Tun yaushe?" na ce, na nuna kunne.

Ya ajiye guga. Sannan ya ce: "Tun sanƙarau. Kana Abzin. An aika maka cewa na yi ciwo na warke."

"Duka biyu?"

"Na hagu ya mutu. Na dama shina ji kaɗan, in na kanga shi. Na kanga shi na ji 'da', na juya in ɗamre ƙarhe. Wurin sakowa kunnen hagu shina wajen rijiya."

"Kuma ka zamna bakin rijiyata."

"Wa za ya ɗauki kurma mai igiya, Yaya? Kai da za ka ɗauka?"

Na ce a'a.

"To. Ɗiyana tara."

Na ce masa gari duka yana cewa kisa ya nufa, kalma ɗaya za ta wanke shi. Ya ce: "Wanda anka ce ya so kashe wansa, wani gari bai ji ba, za su ba shi aiki. Kurma kowa na ganewa." Ya ɗauki gugansa. Na tsaya ina jiran ya kawo maganar ƙullin. Bai kawo ba. Ni ma ban tambaya ba, don na san amsa biyu ce kawai, gaggawa ko wani abu, kuma ko wacce ce gaggawa zai ce.

Hannuna ya warke a karkace, ba ya wuce kafaɗa. Dagi ya fi ƙarfina. Ƙauyen nan kuma har lokacin ba su da ruwa, maigari ya sake aikowa ya ce in kawo wanda na ga dama, ban da Nomau a bakin rijiya. Hatsin da aka ba mu na kwana goma sha biyu ya ƙare a gida biyun. Na koma garka na ce wa Nomau: "Kai za ka sauka. Ni in riƙe."

Ya kalli bakina ya ce in sake faɗa. Na sake.

"Kai da kake zaton na so kashe ka?"

"Awo."

"Har yanzu kana zato?"

"Rabi."

Ya yi wata ƴar dariya ta hanci. "In ka saki hwa?"

"In na saki, garka tawa ta. Ka ga yanzu kai ma kana da abin tunani."

Ranar da muka koma, mutanen ƙauye uku ne suka taru a bakin rijiyar. Ba taimako ya kawo su ba. Labari ya bazu cewa ni Arzika zan riƙe igiyar ƙanena, kowa yana son ya ga ramuwa da idonsa. Har mai tallan goro ya zo. Maigari ya ja ni gefe ya ce: "Arzika, don Allah kak ka ɓata muna rijiya da gawa." Na ce masa ya sa mutanensa su ja da baya, suna tare mini haske.

Na bi igiyar da yatsa tun daga kai har wutsiya. Na saukar da fitila ta dawo da ranta. Na ɗaura wa Nomau igiyar rai a ƙugu da hannun hagu da haƙori, ƙulli irin na Agali, na ja na gwada. Ya dube shi. A gaban jama'ar nan duka ya kwance shi, ya sake ɗaurawa da kansa. Aka yi gunaguni. Ni kuwa na gyaɗa masa kai, don da ni ne haka zan yi. Na nuna masa yatsa ɗaya, biyu, uku. Ya nuna mini su. Ya zura ƙafa.

Na zauna da igiyar a tafin hannu ina jin nauyinsa yana nisa. Wajen gaba goma sha biyar ya ja sau ɗaya. Na ɗaga hannu, masu ja suka tsaya cak. Ba abin da ya faru a wurin, bango lafiya lau, na gani da madubi. Gwada ni yake. Na bar shi a rataye har ya gamsu. Ya ja sau biyu, na sako shi. Ya sake yi a gaba ashirin. Da azahar ya ja sau uku, muka fitar da shi da laka har gira, ƴan kallo suka watse ba su sami abin da suka zo nema ba. Kwana talatin da wani abu muka yi muna sake jerin ƙasan da siminti kafin ruwa ya tsaya. Ba a yanka akuya ba, babu ita.

Garkar kuwa, liman ya raba ta daga baya, rijiyar ta faɗa ɓangaren Nomau, ina ɗiba in na so. Mun yi shekara goma sha ɗaya muna aiki a haka, daga Keita har Madawa, yana ƙasa ina sama, kuma ba ranar da bai kwance ƙullina ya sake nasa ba. Maganar ƙulli ɗayan nan har yau ba mu yi ta ba, rabin zaton yana nan inda yake. Tun daga waccan shekara ban sake sauka rijiya ba, kuma a duk rijiyar da na riƙe igiyarta ba a sake yin magana da baki ba.